Gidan Kasimu na Bakin Teku

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba Tsoho ya tafi. Kakana ne, mahaifin Ummanmu, kuma duk wanda ya taɓa zama da ni ya san ba na doguwar hira ban sako shi ba. Ranar Talata da hantsi Allah Ya karɓi abinsa, a ƙauyenmu da ke tsakanin Roni da Gwiwa. Yana zaune a bakin zaure, takalma a ƙafa, sanda a hannu, kamar mai jiran mota. Ina wurin aiki a Kano aka kira ni. Kafin in samu motar Kazaure, in sauka, in hau mashin ya ratsa da ni cikin duwatsun nan, har an kai shi an dawo. Ban ga fuskarsa ba.

A waya nake rubuta wannan, a ɗakin Iya, kakata, ina jingine da buhun gero saboda nan kaɗai sabis ke kamawa. In kun ga kuskure ku yi haƙuri.

Na tarar da tsakar gida a cike. Umma ta yi kuka har muryarta ta dishe. Wata mai tallar nono da ba danginmu ba ce ta fi kowa kuka, tana cewa tun tana budurwa take shigowa gidan nan, bai taɓa barin ta ta sauke ƙwarya ita kaɗai ba. Wata tsohuwa maƙwabciya ta ce, "Mutumin da ko yaro ne ya yi sallama sai ya miƙe tsaye. Ni har faɗa nake masa, in ce Malam ka zauna mana, akuya ce ta shigo." Aka yi dariya cikin hawaye. Iya kuwa ko ɗigo. Tana jan carbi, ta dubi ƙofa ta ce, "To, yau dai ya zauna wuri ɗaya."

Daga rumfar maza kuma magana ɗaya ce ke ta shigowa ta kan katanga. Allah Ya jiƙan yaron Alhaji Kasimu. Ya riƙe amanar maigidansa. Irin su sun ƙare. Duk lokacin da na ji sunan nan sai in tashi in koma ɗaki.

Da yamma Kawu ya aiko a kira ni. Shi ne yayan Umma, ɗan farin Baba Tsoho, limamin masallacin unguwa. Shi ma gemu ya yi fari fat. Mutum ne da ba a yi masa musu. Bara shi ya tsaya kai da fata sai da aka rufe shagon da samari ke cacar ƙwallo a bakin kasuwa. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Ke ce mai waya ko?"

Na ce, "Na'am, Kawu."

"To ki nemo mana iyalan Alhaji Kasimu na Ikko. Ko jika ne, ko tattaɓa-kunne. Mutumin da ya riƙe mahaifinmu shekara da shekaru, har na ci sunansa, bai kamata iyalinsa su ji rasuwar nan a bakin duniya ba. Kafin addu'ar uku nake so in yi magana da su."

"Kawu, Ikko fa da girma."

"Ba da wayar nan kuke nemo mai sayar da takalmi a ƙasar Sin ba? Mai gida guda a bakin teku ne zai gagare ki?"

Na ce to. Na fito ban san wa zan nemo ba. Domin babu wani Alhaji Kasimu. Ba a taɓa yin sa ba. Kuma ga Kawu, tun da ya fara limanci, duk addu'ar da zai yi a bainar jama'a sai ya sa shi a ciki: Allah Ka jiƙan Alhaji Kasimu, maigidan mahaifinmu. Jama'a su ce amin.

Bari in koma baya, ku ji yadda aka yi na sani.

Bara waccan aka kawo Baba Tsoho Kano aikin ido, ya sauka a gidanmu. Ni ce amaryarsa tun ina goyo, kamar yadda kakanni ke yi da jikoki mata. Ranar da aka cire masa bandeji ya ƙare mini kallo ya ce, "Amarya, ashe haka kike? Na fasa. A maido mini da kayana." Na ce, "Bari in kawo maka madubi, tsoho, sai mu ga wa zai fasa." Zama ya gagare shi a gidan. Ya leƙa baranda, ya dawo, ya buɗe wa mai kawo ruwa ƙofa, ya buɗe wa mai kwasar shara. Likita ya ce ya kwanta, shi kuwa ya ce wanda ya kwanta da rana shi ake ɗauka.

Wata rana da azahar, Umma ta tafi kasuwa, ya ga ina latsa waya ya ce, "Wannan abar taki tana nuna teku?" Na sa masa bidiyo. Ya ce in ƙara murya. Ya rufe idon da aka sha wahala aka buɗe, yana sauraron ruwa kawai. Can ya fara kwatanta mini wani wuri, unguwa kaza, bayan gada, inda titi ke ƙarewa a yashi. Na yi ta nema har na faɗa kan hoton wani kango. Bene ne mai hawa da yawa, tagogi ba gilashi, bishiya ta tsiro a samansa, ruwa ya cinye rabin matakalar gaba. Ya kai yatsa zai taɓa, hoton ya motsa, ya janye hannu da sauri kamar ya taɓa wuta.

Ya ce, "Nan nake tsayawa."

Na ce, "Wannan ne gidan Alhaji Kasimun? Ai wannan otal ne."

Ya ce, "Tura ƙofa, Amarya."

Na tura. Ya ce, "Kasino suke ce masa. Otal ne, a cikinsa akwai gidan caca. Ni ne mai buɗe ƙofar."

Ga yadda abin ya faru. Zamanin En'e ne, lokacin da hakimi ke da ƙarfi, alƙali na Sarki ne, gidan yari ma na Sarki ne. Mahaifin Baba Tsoho shi ne mai unguwa a ƙauyen nan. Baba Tsoho yana saurayi, dogo kamar giginya, sabon aure, ga shi ba ya iya zama. Da rani ya bi rakiyar shanu a jirgin ƙasa zuwa Ikko, ya bar Iya da ciki a gidan iyayensa, da niyyar dawowa kafin shuka. Bai dawo ba. Ya tarar ana gina wani ƙaton abu a bakin ruwa, ya shiga ɗaukar yashi da bulo. Da aka gama, mai wurin ya ga tsawonsa, ya sa aka ɗinka masa jar riga, aka naɗa masa jan rawani, aka tsayar da shi a ƙofa don baƙi su gani.

Wani mai fataucin goro ɗan garinmu ya gan shi a can. Da ya dawo, mahaifiyar Baba Tsoho ta tare shi a bakin zaure tana tambayar ɗanta. Ya ce yana nan lafiya, yana aiki a gidan kasino. Ita kuwa ina ta taɓa jin wannan kalma? Ta ce, "Gidan Kasimu? Allah Ya yi wa Kasimu albarka da ya riƙe mini yaro." Mai goro ya buɗe baki zai gyara, sai ya tuna a ƙofar wa yake tsaye. A lokacin in 'yan doka suka kama 'yan caca a bayan kasuwa, a igiya ake jera su har gaban alƙali a Kazaure, kuma mai unguwar nan shi ke nuna inda suke ɓuya. Ka ce ɗansa na tsaron ƙofar caca? Rawanin tsohon ma sai ya tashi. Mai goro ya ce amin, ya ɗauki kayansa.

Da Iya ta haihu namiji, kakar ta ce ba wani suna sai na mutumin kirkin nan. Aka yanka rago. Kafin Baba Tsoho ya zo ganin gida, yaro har yana tafiya, ana kira yana waiwayowa.

Na ce, "Ba ka faɗa musu ba?"

Ya ce, "In ce me? In ce a kwance ragon?"

Shi ya sa bai taɓa kiran Kawu da sunansa ba. Maigida yake ce masa. Kowa ya ɗauka kunyar ɗan fari ce, da kuma girmama mai sunan. Al'ada ta rufa masa asiri.

Abin da ya fi ba ni mamaki, ya rantse mini bai taɓa ƙirƙiro wa Alhajin komai da bakinsa ba. Mutanen gari ne suka gina shi, shi nasa amsa tambaya. A ce, Alhajin yana da kirki? Ya ce, ƙofarsa ba ta rufuwa. A ce, yana da jama'a? Ya ce, har Turawa zuwa suke. A ce, matansa nawa? Ya ce, ban shiga wannan ba. A ce, yana salla a kan lokaci? Ya ce, ni dai ina yi. Duk komawa sai mahaifiyarsa ta haɗa masa daddawa da kuka da man shanu ta ce a kai wa Alhaji. Na ce to ya kake yi da su? Ya ce, "Ni da masu girki muke cinyewa. In na dawo in ce an gode." Na yi dariya har na ƙware. Shi bai yi ba.

Ya ba ni labarin wurin lokacin da yake tashe. Wai fitilunsa daga cikin teku matuƙan jirgin ruwa ke hangowa. Motoci su yi layi har titi. Ministoci, 'yan kasuwa, Kwarori, Turawan jirgi, mata da dogayen takalma, makaɗa daga ƙasashe. Ɗakin cacar ba taga, ba agogo, sanyi kamar cikin randa. Shi bai taɓa wuce bakin labule ba. Ya ce abin da ya koya a ƙofar nan shi ne tafiyar mutane. Mai shiga kafaɗa a sama, yana wasa da makulli. Mai fita yana laluben aljihu kamar ya manta wani abu. Ya ce ba a tambayar mai fita yaya aka yi, buɗe masa kawai ake yi a kau da kai. Sai a ranar na gane abin da ya sa duk wanda ya dawo gidanmu daga jarrabawa, ko neman aure, ko asibiti, Baba Tsoho ba ya tambayarsa komai. Ruwa yake miƙa masa.

Akwai rigimar da gidanmu bai taɓa warkewa daga ita ba, ita ma a ranar na san tushenta. Da mai unguwa ya rasu, hakimi ya aika a kira Baba Tsoho, don shi ne babba. Ya zo daga Ikko, ya faɗi ya yi gaisuwa, aka kawo zancen naɗi, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ƙanena." Aka yi juyin duniya ya ƙi. Sarauta ta koma ɗakin ƙanensa, har yau tana can. Iya ta yi damina guda ba ta yi masa magana sai ta bakin yara. Kawu, da yake saurayi a lokacin, ya riƙe abin a ransa: ubansa ya zaɓi yi wa wani bauta a Kurmi, can Kudu, a kan gadon gidansu. Har ya girma in zancen ya taso sai ya tashi ya bar wurin.

Baba Tsoho ya ce mini, "Kan da ya ɗauki wancan rawanin ba zai ɗauki na ubana ba. In naɗa, in zauna ina yi wa 'yan caca hukunci? Da wane ido?" Ku tambayi duk wanda ya san shi, ko ranar idi hula kawai yake sawa.

Wurin kuma a hankali ya mutu. Sojoji suka hau mulki, manyan da ke zuwa wasu aka tsare su, wasu suka gudu. Masu wurin suka shiga rigima da juna. Gishirin teku ya ci fenti, ya ci ƙarfe, ruwa ya riƙa matsowa duk shekara. Aka rufe hawa na sama, aka sallami makaɗa, na'urar sanyi ta tsaya ba a gyara ba. Shi yana nan a ƙofa, wani lokacin tun safe har la'asar ba wanda zai buɗe wa sai mage. Ranar ƙarshe wasu suka zo da sarƙa da kwaɗo, suka ce ya riƙe musu ƙofar su zura sarƙar. Ya riƙe. Ya warware rawanin, ya ninke, ya ajiye a kan kujerar da ba a taɓa barin sa ya zauna a kai ba. Ya dawo gida ya kama noma. Da aka tambaye shi ina Alhaji, ya ce gidan ya watse. Aka yi salati, aka ɗauka rasuwa ce.

Na ce, "Me ya sa ni kake gaya wa?"

Ya ce, "Miji ba ya ɓoye wa amarya. Kuma ke ba ki da hankali, ba wanda zai yarda da ke."

To ga ni nan, ga saƙon Kawu a wuyana. Kwana na farko na ce sabis ne babu. Washegari da safe ya sake aikowa, na ce caji ya ƙare. Ya aiko mini da batirin masallaci. Na zauna na tashi, na shiga ɗaki na fito. Na yi tunanin in ce iyalan sun ƙaura. Na yi tunanin in sa wata ƙawata ta kira da muryar mutanen Ikko. Wallahi har na ɗauko lambarta. Umma ta ce, "Ke lafiyarki? Kin gaji mai gidan nan, kin kasa zama."

Da la'asar ina cikin zaure, ta bayan ƙofa, ina miƙa kwanukan abinci waje, sai na ji wata murya kamar ana kiran shanu daga nesa. Wani tsoho ne ɗan Babura, ya biyo motar kasuwa, farar riga duk ƙura, kunnensa ya yi nauyi shi ya sa yake ɗaga murya. Ya yi gaisuwa ya ce, "Ina ɗan mai ƙofar kasino?"

Mutanen rumfa suka ce, "Ga shi nan, ai shi ne ma ya ci sunan."

"Sunan wa?"

"Alhaji Kasimu mana. Maigidan."

"Wane Alhaji? Wani Kwara ne da wani Bature ke da wurin. Alhaji ina, wurin nan ina?"

Wani ya yi dariya ya ce tsufa ne. Kawu bai yi dariya ba. Ya tashi ya kama hannun tsohon ya ce, "Baba, shigo daga ciki, rana ta yi yawa." Suka shigo zaure. Ya gan ni a rakuɓe da kwano a hannu, bai ce in fita ba. Ya shimfiɗa wa baƙo buzu, ya matsa kusa da kunnensa ya ce, "Gaya mini inda ka san mahaifina."

Ni na san wurin. Abin da tsohon nan ya faɗa kuwa, Baba Tsoho bai taɓa gaya mini ba.

Ya ce yana saurayi mahaifinsa ya ba shi shanu ya kai Ikko. Ya sayar, abokai suka zuga shi, ya sayi sabuwar riga, suka ce akwai inda ake shiga da ɗaya a fito da goma. Suna isa sai ga wani dogo da jan rawani ya buɗe ƙofa, ya dube shi ya ce, sannu da zuwa, ɗan'uwa, daga ina? Da Hausar gida, ba ta Kurmi ba.

"Na ce Babura. Ya ce Babura ta ina? Na faɗa. Ya ce gidan wa? Na faɗa. Ya ce af, tsohon yana nan? Ya ƙarfin jikinsa? Ya tsohuwa? Ruwa ya sauka a wajenku? Shanu sun samu ciyawa bana? Rijiyar nan ta bakin kasuwa tana nan? Malam, ƙofa fa a buɗe, yana riƙe da ita. Turawa na wucewa ta gefena. Abokaina sun shige. Bai ce kar ka shiga ba, ko sau ɗaya. Gaisuwa kawai. Ya gaida ubana, ya gaida uwata, ya gaida ƙannena, har limamin garinmu sai da ya gaida. Ni kuwa ga dukiyar tsoho ɗaure a ƙuguna. Ƙafata ta ƙi ɗaguwa."

Tsohon ya ci gaba.

"Da ya ga na juya, sai ya ce, in ka isa ka gaida tsoho, ka ce ɗan mai unguwar gari kaza yana gaishe shi. Ya faɗi sunan garin nan, ya faɗi sunan ubansa. Ka gane? Ya ga nawa asirin, sai ya ba ni nasa in riƙe. Da na ga dama, kasuwa ɗaya zan ci a Roni in gama da gidanku. Kuma ba ni kaɗai ba ne. Direbobi, mahauta, sojoji 'yan Arewa, duk wanda ya ji Hausa a bakinsa sai ya tsare shi da gaisuwa. Wasu su ture shi su shige. Wasu mu juya. Har mai wurin ya yi masa kashedi, wai gaisuwarsa ta yi yawa. Ni dai shanun da na tarar na kuma bar wa 'ya'yana, daga ƙofar nan suka tsira. Na ce ko da rarrafe sai na zo na faɗa wa ɗansa."

Ya gama yana murmushi, shi a ganinsa kyauta ya kawo.

Kawu ya yi masa godiya, ya sa aka kai shi ya ci abinci. Sannan ya juyo gare ni.

"Kin sani?"

"Na sani, Kawu."

"Tun yaushe?"

"Tun aikin ido."

Ya ce, "Ya gaya wa jika, bai gaya wa ɗa ba." Can kuma ya ce, "Tun ina da baƙin gemu nake ɗaga hannu ina roƙa wa gidan caca rahama, bayin Allah na bina da amin." Ya sa takalmi ya fita ta ƙofar baya. Magariba na'ibi ne ya ja salla. Abincin da aka kai masa haka aka dawo da shi.

Na shiga wurin Iya na zauna kusa da ita. Ta ce, "Baƙon Baburan nan ya yi magana ko? Har nan ake jin sa." Na ce, "Iya, kin sani ke nan?" Ta ce, "Sunan wurin ban sani ba. Amma ni ke wanke masa kaya duk dawowa. Gidan Alhajin kirki ba ya wannan warin." Na ce to me ya hana ki magana? Ta ce, "In yi da wa? Yaro ya riga ya amsa."

Yau da safe, kafin a taru addu'ar uku, Kawu ya aiko a kira ni, a ce in zo da wayar. Idonsa ya yi ja. Ya ce in nuna masa. Na nemo hoton kangon na miƙa masa. Ya sa tabarau, ya riƙe wayar da hannu biyu.

"Wacce ce ƙofar?"

Na nuna.

"A tsaye yake wuni?"

"A tsaye, Kawu."

Ya matso da wayar kusa da idonsa. Sai ya ce, "Daga nan ina ne gabas?"

Ban gane ba da farko. Sai na tuna Baba Tsoho ya ce a bayan ɗakin girki yake salla, a kan yashi, teku na hannun damansa, kuma sai ya cire rawanin ya rataye tukuna. Na gaya masa haka. Kawu ya juya wayar a hannunsa, ya juya jikinsa kaɗan, kamar yana gwada tsayuwar. Ya miƙo mini.

Ya ce, "Sunan dai na gidan Manzon Allah ne tun kafin a gina wannan abin. Ba zan canja ba." Ya cire tabarau. "Sarautar da ya ƙi ce na riƙe a raina. Da ya gaya mini dalili, da ban yi shekarun nan ina gaishe shi da rabin baki ba."

Ya ce, "Na san hannunki na ƙaiƙayi. In za ki rubuta a wayar taki, rubuta. Tsohon nan ba zai yi shiru ba, gara su ji daga gida."

Aka taru. Rumfa ta cika, wasu a rana. Mu mata muna daga cikin zaure da tsakar gida. Kawu ya ɗaga hannu. Ya roƙa wa Baba Tsoho gafara, aka ce amin. Ya roƙa wa mai unguwa na da da matarsa, aka ce amin. Ya iso inda kowa a garin nan ya san abin da ke biyowa, yaro da babba. Ya ce, "Allah Ka jiƙan..." sai ya tsaya.

Na ji yadda numfashinsa ke fita. Hannunsa na sama. Bai faɗi suna ba, bai kuma sauke hannun ba. Jama'a suka ɗan jira, sannan, da yake sun saba a nan ake amsawa, suka ce amin gaba ɗaya.

Allah Ka karɓi wannan amin ɗin, Ka kai ta inda ta dace. Ka yafe wa Baba Tsoho tsayuwar da ya yi, Ka duba waɗanda ya juyar. Ka sanyaya zuciyar Kawu, don har yanzu da nake rubutun nan bai fito daga masallaci ba.